Gida mai jin magana a Jos: a bar masa ƙwaƙwalwarsa a cikin gida

Wani sabon yayi ya shigo wa masu gine-gine a Jos, tun daga manyan gidajen Rayfield har zuwa sababbin unguwannin hanyar Bukuru. Mutum ya yi magana fitila ta kama, ya taɓa waya ƙofar gida ta buɗe, yana kasuwa yana kallon tsakar gidansa. Abin na da ban sha'awa, kuma ba laifi ba ne mutum ya nemi sauƙi a gidansa. Sai dai kafin a biya kuɗin kaya, akwai tambayar da ta kamata maigida ya yi wa mai haɗa masa: idan na ba da umarni, wa ke yanke hukunci, kuma a ina yake zaune?

Galibin kayan da ake shigowa da su, ba a cikin gida suke tunani ba. Idan aka ce wa Alexa, manhajar da ke sauraron umarnin murya, ta kashe fitilar falo, muryar sai ta bi intanet zuwa manyan kwamfutocin kamfanin Amazon a ƙetare, a can a fahimci abin da aka faɗa, sannan umarni ya dawo kan makunnin da ke bango. Duk wannan tafiya ta dogara ne da sabis, da data, da kuma cewa kamfanin yana nan bai sauya shawara ba.

Ɗan Najeriya ya san raunin kowanne daga cikinsu. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka ji a jikinsu. A Satumban 2021 gwamnati ta rufe layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan jihohin maƙwabta saboda tsaro. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kashi 50 cikin ɗari kan kuɗin kira da data. Kamfanonin su ma ba su da tabbas: a 2016 kamfanin Nest ya kashe na'urar Revolv da mutane suka saya da kuɗinsu, a Afrilun 2022 kuma Insteon ya rufe kwamfutocinsa ba ko sallama, masu gidaje a Amurka suka wayi gari manhajarsu ba ta aiki.

Akwai wata hanya, kuma ita ta fi dacewa da Jos. A ajiye ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi kusa da inbata, a ɗora mata manhajar Home Assistant, wadda wani ɗan ƙasar Holan, Paulus Schoutsen, ya fara a 2013, kuma kyauta ce ga kowa. Ƙananan na'urori masu lura da zafi, motsi, hayaƙi ko yawan ruwa suna aiko mata da rahoto ta wayifai na gida ko ta tsarin Zigbee. Ita ke yanke hukunci nan take, ko da babu ko ɗigon data. Wutar da take ci ba ta kai ta ƙwan fitila ɗaya irin na da ba, don haka batir zai iya riƙe ta dare da rana.

Jos ba baƙuwa ba ce ga irin wannan tunani. Tun 1929 kamfanin NESCO ya soma aikin samar da lantarki daga ruwan Kurra domin ma'adinan kuza, wutar da aka haifa a Filato aka kuma sha a Filato. A Oktoban 2024, lokacin da matsalar manyan layukan lantarki ta jefa yawancin Arewa cikin duhu fiye da mako guda, waɗanda suka ɗan sarara su ne masu sola da batir a gida. Wanda ya riga ya koyi tara wutarsa bai kamata ya miƙa linzamin gidansa ga wata kwamfuta a wata nahiya ba.

Sannan me za a fara haɗawa? A nan ne masu yayi ke yin kuskure, su fara da fitilu masu sauya launi. Tankin ruwa ya fi cancanta. Gidaje da yawa a garin da rijiyar burtsatse suke rayuwa, kuma kowa ya saba ganin tanki yana ambaliya saboda an manta famfo a kunne, ko a kawo wuta cikin dare kowa na barci har a ɗauke ba a tura ruwa ba. Na'ura guda mai auna ruwa da makunni mai karɓar umarni sun isa su kashe wannan matsala. Bayan tanki sai batir: idan caji ya yi ƙasa, tsarin ya sauke hita da firiza da kansa, ya bar fitilu da firji. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, irin wannan tattali ya zama kuɗi a aljihu.

Na uku ya fi duka nauyi. Jos na bisa tudu mai tsayin wajen mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu sanyin hunturu kan sa a rufe tagogi ruf, a shigo da kaskon gawayi ɗaki, wasu ma su matso da janareto kusa da ƙofa saboda ɓarayi. Iskar gubar da waɗannan ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane cikin barci. Ƙararrawar da za ta tashi iyali a irin wannan dare ba ta da dalilin jiran sabis.

Maganar murya kuwa, sai an yi haƙuri. Alexa ba ta jin Hausa, balle Berom, Ngas ko Tarok, alhali Hausa ce ke haɗa mutanen garin a kasuwa da tasha. Kakar da ke cikin gida, wadda ta fi kowa buƙatar ta ce "a kunna fitila" ba tare da ta laluba bango ba, ita ce ta farko da na'urar ke ƙyalewa. A 2023 masu Home Assistant suka mai da hankali kan murya, a Disambar 2024 suka fitar da na'urar sauraro tasu, kuma tsarin a buɗe yake ga duk mai son ƙara harshensa. Manhajar Whisper, mai juya magana zuwa rubutu, ta san Hausa sama-sama, tana yawan kuskure, kuma tana son kwamfuta mai ƙarfi. Amma gida ba ya buƙatar dogon zance. Jimloli kaɗan ne ake maimaitawa kullum, kuma shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin masu Hausa domin irin wannan aiki.

Akwai kuma batun sirri. A Maris 2025 Amazon ta janye zaɓin da ke bai wa masu wasu na'urorinta na Echo, masu ɗauke da Alexa, damar hana aika muryarsu waje. A al'adar da baƙo ke tsayawa a zaure ya yi sallama, makirufo mai kai zancen iyali ƙetare baƙo ne da ya zarce har ƙuryar ɗaki.

Hanyar ta gida ma tana da nata wahala. Kayan daga waje suke zuwa, farashinsu na bin dala. Tsawar damina a Filato na ƙona kayan lantarki, don haka dole a sa kariya. Haɗawar tana son sani, kuma dole kowane makunni ya ci gaba da aiki da hannu ranar da kwamfutar ta yi gardama.

A nan ne ƙwarewar matasan garin za ta yi rana. Jami'ar Jos na yaye ɗaliban kwamfuta, cibiyar nHub na horar da masu rubuta manhaja, unguwanni cike suke da masu wayarin da masu haɗa sola. Abin da ya rage shi ne su haɗu su fitar da ƙunshi guda mai sauƙin kuɗi, na tanki da batir da ƙararrawar iskar guba, su rubuta takardar bayaninsa da Hausa, su kuma fara naɗar muryoyin iyayensu mata suna faɗin umarnin da gida zai ji.