Jinjina ga Masu Ɗab'in Challenge

Duk wanda ya leƙa majami'a ranar Lahadi, daga Maraɗi har Dakoro, zai ga littafi biyu a hannun jama'a: Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi, bango ya koɗe, an ɗaure da zare ko an manne da gam. Waɗanda suka buga su, suka kai su lungu da saƙo, sun cancanci yabo.

Mishan ɗin SIM, da aka kafa a 1893, ya sauka Damagaram a 1924, sannan ya kafa sansani a Tsibiri kusa da Maraɗi. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, bayan wahalar fassara da su Dakta Walter Miller na Zariya suka sha. Amma bugu daban, rarrabawa daban. Nan SIM ta yi rawar gani: ta buɗe shagunan littattafai, ta fara mujallar African Challenge a Legas a 1951, daga baya cocin ECWA ya gaji harkar. Shagunan nan, da ake kira Challenge, ba littattafan ibada kaɗai suke sayarwa ba. Akwai na makaranta, da alƙalami, da littafin rubutu, ribar waɗannan tana tallafa wa na ibada.

A Nijar, inda Faransanci ya daɗe yana mulkin aji, waɗannan littattafan ibada sun sa manoma da mata da yawa sun iya karatun Hausar boko. Yabon gwani ya zama dole.