Raddin Mai Littafin Yoga: An Yi Faɗa, Ba A Amsa Tambaya Ba

Na karanta raddin da ɗanmu mai littafin yoga ya yi wa malamin da ya soki littafinsa a fitowar da ta gabata. Littafin ma na karanta shi, ina zaune a shago.

Gaskiya ɗanmu bai zo da mugun nufi ba. Duk wanda ya yini a zaune a kan benci, ko ya sha dakon buhu a Bodija, ya san ciwon baya da na gwiwa. Babin miƙe jiki da na jan numfashi suna da amfani, kuma da malam ya ce littafin duk shirme ne, to ya wuce gona da iri.

Amma fa malam ya yi tambaya guda mai nauyi: me ya sa aka koya wa Musulmi "Surya Namaskar" ba a gaya musu ma'anarsa ba? A harshen Sanskrit na Indiya, Surya ita ce rana, kuma mabiya addinin Hindu suna bauta mata. Namaskar kuwa gaisuwar girmamawa ce. Motsi 12 ne, an saba yin su da fitowar rana ana fuskantar gabas. Mu kuwa ko nafila an hana mu yi a daidai fitowar rana, don kada mu yi kama da masu yi mata sujada. Haka kalmar "Om" da littafin ya ce a riƙa maimaitawa, ai kalma ce mai tsarki a wurinsu, ba amon banza ba ce.

Me raddin ya ce a kan wannan? Ko kalma ɗaya. Sai dai malam tsoho ne, bai waye ba, hassada ce, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni ranar yoga. Haka ne, ta ware a 2014, amma ita ba ta ba da fatawa.

Da ɗanmu ya natsu, da ya samu hujja mafi ƙarfi. A 2009 Majalisar Malaman Indunusiya ta rarrabe: yogar da ke ɗauke da ibadar Hindu da maimaita kalmominsu haramun ce, wadda kuwa motsa jiki ce zalla babu laifi. Kun ga ƙofa a buɗe take.

Shawarata, ɗana: in za ka sake bugu, cire gaisuwar rana da "Om", ka bayyana wa mai karatu asalin abin, sannan ka je gida ka ba malam haƙuri. Wanda ya nuna maka huji a buhunka kafin ka ɗora wa mota, ba maƙiyinka ba ne. Shi ma malam ya sassauta harshe. Allah Ya sa mu dace.