4.2 Jigon Sayar da Ƙuri'a a Gajerun Finafinan Matasa na Birnin Kebbi da Argungu

Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, harkar fim ɗin Hausa a hannun matasa take. Zuwan wayar salula ya ƙara sauƙaƙa abin, har yaran da ba su kai shekara 18 ta jefa ƙuri'a ba sukan shirya gajerun wasanni kan zaɓe su ɗora a Facebook da TikTok.

Babban jigon irin waɗannan wasanni shi ne illar sayar da ƙuri'a. Sai dai zubinsu kusan ɗaya ne: ɗan siyasa ya raba taliya da sabulu, tsohuwa ta karɓa, sannan wani ɗan boko ya fuskanci kyamara ya kama wa'azi. A nan wasan yake mutuwa, domin an ɗora laifi kan mai karɓa, ba a nuna yunwar da ta sa ta miƙa hannu ba. Ta fuskar harshe kuma, akan kwaikwayi Kananci, alhali masuncin Argungu da manomin shinkafa na fadamar Rima "mi" da "shina" suke cewa. Ke nan sai su ji kamar da wasu ake.

Bugu da ƙari, sayar da ƙuri'a ba ita kaɗai ce matsalar jihar ba. Zaɓen gwamnan Kebbi na 18 ga Maris 2023 bai kammalu ba sai 15 ga Afrilu, saboda yawan masu katin zaɓe a rumfunan da aka soke ya zarce ratar da ke tsakanin manyan 'yan takara biyu. Wanda ya yi layi tun safe aka kuma soke rumfarsa bai samu gurbi a wannan zubi ba.