Indiyar da ba ta cikin fim

Indiyar da yawancinmu muka sani ta fim ce: saurayi da budurwa na rawa a cikin lambu, kowa na jin Hindi, kowa na kunna fitila a gaban gunki. Da wannan hoton ɗalibi ke shiga ajin adabi. An daɗe kuma ana tarbarsa da R.K. Narayan da Salman Rushdie kaɗai, masu rubutu da Turanci, a ce ga adabin Indiya nan.

Yanzu malamai sun fara sako littattafan da aka fassara daga harsunan ƙasar, musamman tun da Geetanjali Shree, mai rubutu da Hindi, ta ci kyautar Booker ta duniya a 2022, Banu Mushtaq mai rubutu da Kannada ta biyo baya a 2025. Madalla da wannan sauyi. Ƙasar da tsarin mulkinta ya lissafa harsuna 22, wadda ƙidayar 2011 ta nuna kashi 14 cikin ɗari na mutanenta Musulmi ne, ban da Kiristoci da Sikh da Jain da mabiya Buddha, ai ba a shiga ta ta ƙofa ɗaya.

Inda nake da ja shi ne yadda wasu ke jera littattafan kamar rabon kujerun siyasa: wannan na Musulmi, wancan na Kirista, a rufe babi. Ɗauki Karukku na Bama, wanda ya fito da Tamil a 1992. Bama Kirista ce 'yar Dalit, ajin da ake ƙyamar ko taɓa su. Ta shiga gidan sistoci tana zaton can za ta tsira, sai ta tarar wariyar asali ta riga ta zuwa coci, ta tattara nata ya nata ta fito. Malamin da ya liƙa wa littafin nan tambarin "muryar Kiristocin Indiya" ya zubar da abin da matar ta zo faɗa. Haka labaran Banu Mushtaq: matan Musulmin Karnataka ne ke kokawa da mazajensu da shugabannin masallacin unguwa, rigimar cikin gida ce, ba ta su da Hindu ba.

Malam, in za ka koyar da waɗannan littattafai, bar alƙaluman ƙidaya a darasin farko. Sauran zangon ka tambayi ɗalibanka: a cikin labarin nan, wa ke hana wa ɗiban ruwa, wa ke cin abinci a bakin ƙofa, kuma addininsu ɗaya ne ko daban?