Masu tare ruwa da ƙasa

Idan injiniya ya rasu, abin da za a faɗa a kansa sananne ne. A wurin zaman makoki a ce mutum ne mai riƙon iyali. In Kirista ne, a tashi a majami'a a karanta tarihinsa, a ambaci matarsa da 'ya'yan da ya ilimantar da shekarun da ya yi yana hidimar Ubangiji. Amma in an zo kan aikinsa sai a ce ya yi aikin ruwa, a wuce. Ni kuwa ina ganin mutanen da suka gina madatsun ruwan Gwarzo da Kabo, Musulminsu da Kiristansu, sun cancanci a tsaya a faɗi abin da hannunsu ya iya.

Tun zamanin Audu Baƙo, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, jihar ta duƙufa kan tare ruwa, kuma farin da aka sha a farkon shekarun 1970 ya nuna ba a yi kuskure ba. An gama dam ɗin Tiga a 1974. Daga baya aikin ya ci gaba a hannun hukumar ruwa ta WRECA har ya iso yamma: Guzuguzu da Magaga a ƙasar Kabo, Pada da Marashi a ƙasar Gwarzo. Abin da ke ba ni sha'awa shi ne jikin irin wannan dam ƙasa ce, ƙasar nan da ruwan damina ke zaizayewa, ita aka sa ta tsare ruwan.

Ba kowace ƙasa ke yi ba. Gwani zai ɗebi ƙasa ya jiƙa, ya murza a tafin hannu. In ta miƙe siririya ba ta karye ba, yumɓu ne, ita za a sa a tsakiyar bango don da wuya ruwa ya ratsa ta. In ta wargaje, yashi ya yi mata yawa, sai a kai ta gefe. Kafin a ɗora komai kuma sai an haƙa rami a tsawon gindin dam ɗin har an tarar da ƙasa mai ƙarfi ko dutse, a cike shi da yumɓu. Wanda ya yi ha'inci a nan, ruwa zai bi ta ƙarƙashi ya fito masa a baya, ko da bayan shekaru ne.

Sai babban aikin, wato dannewa. Tifa ta juye, gireda ta baje, kaurin shimfiɗar bai wuce taƙi guda ba, tankar ruwa ta yayyafa, rola mai haƙora ta yi ta kai da komo. Sirrin yana wajen laima. Busasshiyar ƙasa ba ta dannuwa, wadda ta jiƙe sharkaf kuma sai ta riƙa lotsawa tana tasowa a ƙarƙashin rola kamar ƙullin alkaki. Wani injiniyan Amurka, Ralph Proctor, ya fito da gwajin gano daidai wannan laimar a 1933, kuma har yau da sunansa ake kiran gwajin. Tsohon ma'aikaci kuwa kafin sakamako ya dawo daga ɗakin gwaji ya riga ya dunƙula ƙasar a hannu: ta kama jikinta, ba ta ɗiga ba, ya ce a ci gaba. In shimfiɗa ɗaya ta faɗi gwaji, a kwashe ta a sake, ko ɗan kwangila zai yi fushi. Wannan taurin kai shi nake girmamawa fiye da komai a sana'ar, domin aiki ne da za a binne, ba mai sake ganinsa, sai mai shi da Allah.

Fuskar da ke kallon ruwa a jera mata duwatsu saboda igiyar ruwa, bayan kuma a dasa ciyawa. A gefe a bar mafitar da rarar ruwa zai bi in tafki ya cika, don babban abokin gabar dam ɗin ƙasa shi ne ruwa ya haura ta kansa. Mutanen Kano ba su manta ɓallewar dam ɗin Bagauda a daminar 1988 ba. 

Gini ya ƙare, sa ido bai ƙare ba. Kowane dam na ƙasa yana ɗan tsatsafo a gindinsa, kuma injiniya ba ya tsorata da wannan. Kofi zai sa ya ɗebi ruwan ya ɗaga shi a rana. In garau yake, lafiya. In ya gurɓace, ƙasar bangon ruwan yake ɗebowa daga ciki, ranar babu barci. Haka zai bi bangon da ƙafa yana neman suri da ramin gafiya da itacen da ya fara tsiro, domin saiwa in ta ruɓe hanya take bar wa ruwa. Manoman rani da masunta da makiyayan da ke cin moriyar Guzuguzu da Pada su suka fi kowa kusa da bangon, kuma su ya kamata a fara koya wa wannan dubawa kafin kowace damina.