Waya a tsakiyar tebur: nazari kan wasan Mansions of Madness

A bugun farko na Mansions of Madness, wanda kamfanin Fantasy Flight Games na Amurka ya fitar a 2011, dole mutum ɗaya cikin 'yan wasa ya zama abokin gaba. Shi ke ɓoye katuna a ɗakuna, ya riƙe sirrin labarin, ya kuma sako dodanni kan abokansa. Idan ya ajiye kati ɗaya ba a muhallinsa ba, labarin na iya cijewa bayan an yi nisa. A 2016 aka sake fito da wasan bisa tsarin Nikki Valens, aka miƙa wannan aiki ga manhaja a waya ko kwamfuta. Kwali da katuna da dayis suna kan tebur, amma mai ba da labari ya koma cikin allo.

Mu da sana'armu rubuta manhaja ce, abin da ya fara burge mu shi ne an ba na'ura aikin da ta fi mutum iyawa, wato riƙe sirri. An gina wasan kan labaran ban tsoro na H. P. Lovecraft, kuma tsoro yana rayuwa ne da rashin sanin abin da ke bayan ƙofa. Yanzu sai ka buɗe ƙofa manhajar za ta ce a ajiye ɗaki na gaba. Babu wanda ya riga kowa sani, don haka duka mutum biyar ɗin za su razana tare. Wannan ribar ta labari ce, kuma kwali kaɗai bai iya kawo ta ba.

Inda muke da ja shi ne lokacin da manhajar ta ƙi sakin idon mutane. Akwai wasannin wasa ƙwaƙwalwa da ake warwarewa a kan allo: jera gutsattsarin hoto, ko gano lambar makulli. Mutum ɗaya ke latsawa, sauran sun zuba masa ido, taswirar da aka shimfiɗa ta zama ado. Wanda ya tara abokai a tebur fuskokinsu yake son kallo.

A nan Alchemists na Czech Games Edition, na 2014, ya fi shi dabara. Ka nuna wa kyamarar waya katuna biyu, ta gaya maka maganin da suka haɗa, ka kife ta. Sauran lissafi da zargin juna duk a tebur ake yin su. Bugu da ƙari, a cikin kwalin an tanadi yadda mutum zai maye gurbin manhajar.

Wannan tanadi yana da nauyi, domin mun san manhaja ba ta zama lafiya sai da mai kula da ita. A 2017, da Apple ya fitar da iOS 11, tsofaffin manhajojin da ba a sabunta ba sun daina buɗewa. Bugu na biyu na Mansions of Madness kuwa ba ya wasuwa ko kaɗan ba tare da manhajarsa ba. Mai saye ya biya kuɗin kwali, amma tsawon ran wasan na hannun kamfani. Darar da ake yi a gindin bishiya ta wuce daga kakanni zuwa jikoki da ramuka a ƙasa da 'yan tsinke.

Duk da haka muna ba da shawarar a gwada shi, musamman marubutan da ke son ganin yadda ake sakin labari kaɗan-kaɗan ga mutane da yawa lokaci guda. Ga masu niyyar ƙirƙirar irinsa kuma, tambayoyi biyu za mu ajiye: minti nawa ido ke yi a kan allo, kuma me zai rage a cikin kwali ranar da manhajar ta daina aiki?