Kiɗan da Ba Shi da Baiti: Sharhi a kan Faifan Stick-Up! na Bobby Hutcherson

Duk wanda ya yi nazarin waƙa a sashenmu ya san tambayoyin da muka saba tarar ta da su: mene ne jigonta, yaya zubinta da tsarinta, wane irin salo mawaƙin ya bi. Tambayoyin nan suna da amfani, sai dai dukkansu a kan kalma suka jingina. Ko taken da makaɗi ke kaɗawa da kalangu, ai akwai magana a ƙarƙashinsa, wanda ya san ta kuwa da kunne yake karanta ta. To, ina mafita idan aka kawo wa manazarci kiɗan da babu ko kalma ɗaya a bayansa? Wannan ne ya sa na ɗauko wani faifan jaz na Amurka domin mu gwada ma'auninmu a kansa, mu ga inda zai yi aiki da inda zai gaza.

Faifan shi ne Stick-Up!, wanda Bobby Hutcherson ya jagoranta. An ɗauke shi a rana ɗaya, 14 ga Yuli 1966, a ɗakin ɗaukar sauti na Rudy Van Gelder da ke Englewood Cliffs a jihar New Jersey, kamfanin Blue Note kuma bai fitar da shi ba sai a 1968. Mutum biyar ne suka yi aikin. Hutcherson na kaɗa bibirafon, Joe Henderson na busa saksofon, McCoy Tyner na kan fiyano, Herbie Lewis na riƙe da babban bes mai tsirkiya huɗu, Billy Higgins kuma na kan ganguna. Kiɗa shida ne a ciki, biyar Hutcherson ya tsara, ɗaya kuma aro ne daga Ornette Coleman. Sunan faifan a Turancin Amurka na nufin tare mutum da makami a ce ya ɗaga hannu, amma kalmar sanda na cikinsa, kuma da sanduna ake kaɗa bibirafon. Ke nan tun daga suna an fara wasa da harshe.

Ya kamata a ɗan bayyana wannan abin kiɗa, tun da ba kasafai ake ganin sa a wurarenmu ba. Faranta ne na ƙarfen alminiyam aka jera kamar haƙoran fiyano, ƙarƙashin kowane akwai bututu mai ƙara amo. A bakin kowane bututu akwai ɗan faifai da injin lantarki ke juyawa, shi ne ke sa sautin ya riƙa kaɗawa kamar muryar mai rawar ɗari. Akwai kuma abin takawa da ƙafa, wanda ke barin amon ya daɗe ko ya katse shi. A Amurka aka ƙirƙiro shi cikin shekarun 1920. Lionel Hampton ya fito da shi fili a jaz tun daga ɗaukar da ya yi da Louis Armstrong a 1930, sannan Milt Jackson ya rage gudun injin har ƙarfen ya koyi numfashi kamar mabushi. Jin Milt Jackson a wani faifai ne ya ja Hutcherson, wanda aka haifa a Los Anjeles a 1941 ya tashi a Pasadena, zuwa ga wannan sana'a tun yana yaro.

Abin da ake jayayya a kansa game da Stick-Up! shi ne matsayinsa a cikin ayyukan mai shi. Kafin 1966 an san Hutcherson a cikin masu neman sabuwar hanya. Ya yi kiɗa a faifan One Step Beyond na Jackie McLean a 1963, da Out to Lunch! na Eric Dolphy a 1964, dukkansu babu fiyano, shi ne ya tsaya a gurbinta yana watsa sautuka masu kaifi da barin sarari a tsakaninsu. Nasa faifan Dialogue na 1965 shi ma ya bi wannan turba. Saboda haka mai sauraron da ya taho daga can zai iya jin Stick-Up! ya ce mutumin ya ja da baya, ya koma inuwar kiɗan da ke da tsayayyen kari da maimaitaccen gindi, irin wanda kamfanin ya san yana sayuwa. Ni ban yarda da wannan hukunci ba, ko da yake ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a cikinsa ba.

Hujjata ta farko tana cikin kiɗan da ya buɗe faifan, wato "Una Muy Bonita". Coleman ya fara ɗaukar sa a 1959 a faifan Change of the Century, da ƙungiyarsa ta mutum huɗu wadda ba ta da fiyano, kuma mai gangunan wancan zama shi ne wannan Billy Higgins ɗin. Ashe Hutcherson bai je neman kiɗan a nesa ba, ya zauna da wanda aka haife shi a gabansa. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki waƙen mutumin da ake yi wa kallon mai rushe ƙa'ida, ya ɗora shi a kan kari mai sa gyaɗa kai, ya sa fiyano a ƙarƙashinsa. Sakamakon ya nuna abin da masu sukar Coleman suka daɗe ba su ji ba: cewa mutumin gwanin tsara karin murya ne, mai daɗi har yaro ya iya bi da fito. Wannan sharhi ne aka yi da kiɗa, irin wanda mu muke yi da alƙalami. Amma akwai abin da aka biya. A wurin Coleman, waƙen yana yawo ne kamar akuyar da ba a ɗaure ba. Da hannun hagun Tyner ya sauka, sai aka kafa mata turke. Ta ƙoshi, ta yi kyau, sai dai iyakar igiyarta take kiwo.

A nan ne ma'aunin masu nazarin waƙar baka ya taimake ni. Tsarin kowane kiɗa a faifan ya yi kama da abin da muke kira gindin waƙa da ɗiyanta. Ana farawa da gindi, wanda duka ƙungiyar ke kawowa tare, sai kowane makaɗi ya fito ya yi nasa ɗan a kan wannan gindi, yana ƙirƙira nan take, daga ƙarshe a koma gida. Bambancin shi ne a nan jagora ba ya riƙe fage shi kaɗai. Wanda ya gama nasa ɗan yakan koma cikin 'yan amshi, ko ya yi shiru. Idan aka saurari faifan da wannan fahimta, tambayar jigo takan sauya kama, ta zama: me kowane ɗa ya yi wa gindin, ya ƙara masa ko ya rage?

Dubi "8/4 Beat", wanda sunansa ma lissafin karinsa ne, bugu takwas a kowane zagaye maimakon huɗun da aka saba. Tsawon zagayen ya ba makaɗa dogon numfashi, kuma kowa ya yi amfani da shi ta hanyarsa. Henderson yakan kama 'yar gajeriyar jimla ya juya ta, ya murɗe ta, ya maimaita har ta fara kukan da ba ta zo da shi ba. Hutcherson kuwa gudu yake yi a miƙe, kowane sauti a rarrabe kamar tsakuwa a kan kwano, sannan ya tsaya cak a inda ba a zata ba. Wannan tsayawar ita ce gadon zamansa da Dolphy. Bai bar ta a baya ba, ya shigo da ita cikin gida ne ya sa mata kaya na mutunci. Haka abin yake a "Black Circle", wanda gindinsa ke da kwana-kwana, ba irin wanda ake riƙewa a ji ɗaya ba.

Babbar matsalar da ƙungiya irin wannan ke fuskanta ita ce zaman bibirafon da fiyano wuri ɗaya. Dukkansu bugawa ake yi, dukkansu suna iya fitar da sauti da yawa a lokaci guda, kuma muryoyinsu na haɗuwa a tsakiya. Kishiyoyi ne a ɗaki ɗaya. Tyner kuma ba baƙon da ake ba tabarma ya zauna a gefe ba ne: watanni kaɗan kafin nan, a ƙarshen 1965, ya bar ƙungiyar John Coltrane bayan shekara biyar yana dukan fiyano a gefen Elvin Jones. Yadda suka raba gado shi ne Tyner ya riƙe ƙasa da nauyi, Hutcherson ya ɗauki sama da haske, ya bar masa aikin cika sauti. Mafi yawan lokaci rabon ya yi daidai. Wani lokaci kuwa, musamman a kiɗan masu sauri, Tyner yakan cika wurin har mutum ya manta faifan wane ne. Cewa sun ji daɗin juna ba abin shakka ba ne, domin sun sake haɗuwa a faifan Time for Tyner a 1968, tare da Lewis, suka kuma ci gaba da aiki tare shekaru masu yawa bayan haka.

Inda na fi daɗewa shi ne "Summer Nights". Kiɗa ne mai tafiyar hawainiya, kuma a cikinsa ne abin takawar nan da ƙafa ya nuna amfaninsa. Hutcherson yakan bugi farantin ya bar amon ya rataye, yana kaɗawa yana dusashewa, ba ya kawo na gaba sai na farkon ya kusa mutuwa. Mai sauraro sai ya tarar kunnensa na bin abin da ke ɓacewa fiye da abin da ke zuwa. Na taɓa sa wa wasu ɗalibai shi a aji ba tare da na faɗa musu sunansa ba, na ce kowa ya rubuta abin da ya ji. Ɗaya ta rubuta kewa, wani ya rubuta dare, wani kuma ya ce shi barci ya ji, wanda shi ma ra'ayi ne. Ban kawo wannan don in ce kiɗa na da ma'ana ɗaya da kowa zai gano ba. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne babu wanda ya rubuta murna ko faɗa. Ashe ko babu kalma, akwai iyakar da kiɗan ya shata wa fassara, kuma a cikin wannan iyaka ne manazarci zai nemi abin da ya yi kama da jigo.

"Verse" shi ne mafi tsawo, ya haura minti tara, kuma shi ne wanda na fi samun saɓani da masu yabon faifan a kansa. Ana yaba masa saboda natsuwarsa mai kama da addu'a. Ni kuwa ina jin inuwar Coltrane ta yi masa yawa. Da Tyner a kan fiyano da mai saksofon a gaba, da wuya a kauce wa wannan kamanni, kuma Henderson, wanda ke da muryar kansa, ya yi ƙoƙarin kaucewa. Duk da haka kiɗan ya fi kama da gaisuwar da almajiri ya kai wa malamin wani. Yana da kyau, amma ba a nan Hutcherson ya fi zama kansa ba. "Blues Mind Matter" da ya rufe faifan gajere ne ƙwarai, kafin a gyara zama ya ƙare.

Ban ce komai sosai a kan Lewis da Higgins ba, alhali su ne ƙashin bayan aikin. Lewis abokin Hutcherson ne tun suna samari a Pasadena, Higgins kuma ɗan Los Anjeles ne, wato uku daga cikin biyar ɗin 'yan Kalifoniya ne da suka haɗu a gabas. Lewis bai sami fili da yawa ba a nan, aikinsa riƙe turke ne, ya kuma riƙe. Higgins kuwa shi ne dalilin da ya sa faifan bai yi nauyi ba duk da ƙarfin hannun Tyner. Bugunsa a kan farantin tagulla yana da wani irin sauƙi, kamar mai tafiya da sauri ba tare da ya tayar da ƙura ba. A cire shi a sa mai duka da ƙarfi, da "8/4 Beat" ya zama dambe.

Shekara ɗaya bayan wannan ɗauka Hutcherson ya koma Kalifoniya, inda ya kafa ƙungiya da mai saksofon Harold Land, Alfred Lion kuma, wanda ya kula da wannan zama, ya bar Blue Note a 1967. A cikin mutum biyar ɗin babu wanda ya rage: Higgins da Henderson sun rasu a 2001, Lewis a 2007, Hutcherson a watan Agustan 2016, kwana goma kafin Van Gelder, Tyner kuma a 2020. Ga ɗalibin da zai nemi faifan, shawarata ita ce ya fara jin "Una Muy Bonita" ta Coleman, sannan ta Hutcherson, a jere, ya bar saksofon da bibirafon su yi ta maganarsu, shi ya sa kunne a kan Higgins a duka biyun.